Gaisuwar Kirsimeti daga Jidda

Baba da Inna,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da Kirsimeti. Yaya sanyin hunturu, yaya kuma ƙafar Baba? Ni lafiyata ƙalau, aiki da godiya.

A nan 25 ga Disamba ranar aiki ce kamar kowace rana, zan wuni a asibiti ne tare da majinyata. Ko Lahadi ma aiki muke yi, domin tun 2013 hutun mako a Saudiyya Juma'a ne da Asabar. Babu ginin majami'a a ƙasar, saboda haka ran Juma'a muke taruwa a ɗaki, mu 'yan kaɗan: 'yan Filifin, mutanen Kerala ta Indiya, da mu 'yan Najeriya. Ba ganga, ba tulu, waƙar ma a hankali muke rera ta. Inna, ina kewar Zumuntar Mata ƙwarai. Amma Ubangiji ya ce inda mutum biyu ko uku suka taru cikin sunansa yana tsakiyarsu, kuma na shaida haka a ɗakin nan.

Saƙon Yaya ya iso ni. Ya ce in sake sa hannu a sabon kwantiragi, a ɗora bene a kan ginin da muka fara, a kuma sayi mota. Na san don ƙaunar gidanmu ya faɗa. Riyal ba ya motsi, tun 1986 uku da kwabo 75 yake a kan dala ɗaya, naira kuwa kun fi ni sanin halinta. Duk wanda ya yi wannan lissafi zai ce zama ya fi. Na yi addu'a a kai, na yi azumi, kuma ga abin da zuciyata ta tsaya a kai: idan kwantiragin nan ya ƙare, gida zan dawo.

Ku ba ni dama in faɗi dalili. A taronmu na makon jiya mun karanta Luka sura 2, sai aya ta 24 ta riƙe ni. Da Yusufu da Maryamu suka kai Jaririn Haikali, kurciyoyi biyu ko 'yan tattabaru biyu ne hadayarsu. In kun duba Littafin Firistoci sura 12, ɗan rago Shari'a ta ce a kawo, tsuntsaye biyun nan rangwame ne ga macen da ba ta da halin rago. Ashe gidan da Allah ya zaɓa wa Ɗansa ko ɗan rago ba su iya saya ba! Mai sama da ƙasa ne, da ya so da a fadar Hirudus aka haife shi. Ya zaɓi komin dabbobi da gidan masassaƙi. To, ni wace ce da zan ce gidanmu bai cika ba sai da bene?

Ina ganin yadda abin yake cin mutane a nan. Mace ta zo da niyyar shekara biyu, ta biya bashi, ta sayi fili. Sai ta shiga kasuwar gwal ta Balad, ta ga sarƙa, ta ƙara shekara. 'Ya'yanta suna girma ta waya. A hankali sai ta daina zuwa taron Juma'a, domin aikin ƙarin lokaci ya fi kawo kuɗi. Ba na zarginta, kwaɗayi ba ya sallama kafin ya shigo. Shi ya sa Yesu bai ce bauta wa Allah da dukiya tare abu ne mai wuya ba, cewa ya yi ba ya yiwuwa. Kuɗi ba laifi ba ne, da su na biya makarantar Auta da maganin Baba, kuma na gode wa Allah. Tsorona shi ne ranar da zan farka in tarar su nake yi wa sujada ban sani ba.

Hausawan da ke unguwar Karantina suna yi mini kirki sosai. Kakannin wasunsu da ƙafa suka zo, ta Chadi da Sudan, suka haye Bahar Maliya. Musulmi ne, sun san ni Kirista ce, amma in na yi kewar tuwo da miyar kuka wurinsu nake zuwa.

Kuɗin da na aiko, a fara fitar da zakka a kai majami'a. A yi wa yara ɗinki, a sayi shinkafa da akuya. Roƙona ɗaya, Inna: a zuba wa Gwaggo da marayun maƙwabta nasu kwanon tun kafin mu ci, a kuma kai wa maƙwabtanmu Musulmi kamar yadda aka saba. Ginin kuwa a rufa shi da kwano yadda yake, ɗakuna huɗun sun ishe mu.

A gaya wa Auta ya bar zancen biza, ya gama karatunsa tukuna. Yaya kuma kada ya ji haushi, zan kira shi da kaina bayan sujada. A gaishe mini da Fasto da iyalinsa, da Kawu, da dukan 'yan mawaƙa. Ku sa ni a addu'ar asuba.

'Yarku,
daga Jidda