A Fara Kwashe Shingaye Kafin a Yi Zancen Ƙasa Ɗaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ku da abokan aikinku, na rubuto ne a kan shirin da kuka gabatar ranar 25 ga watan Mayu, wato Ranar Afirka, inda baƙinku biyu suka yi muhawara a kan ko ya dace a haɗe ƙasashen nahiyar nan su zama ƙasar tarayya guda, mai shugaba ɗaya da soja ɗaya da kuɗi ɗaya, kowace ƙasa ta koma kamar jiha. A shago na saurara, rediyo na bisa dilar atamfa, maƙwabtana biyu sun jawo benci. Ku kun rufe shirin, mu kuwa ba mu tashi daga maganar ba sai da aka kira la'asar. Baƙin naku masana ne, sun kuma yi ƙoƙari, amma ban ji muryar wanda ya taɓa tsallaka iyaka da kaya a hannu ba, shi ya sa na ga ya kamata in sa baki.

Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, fataucin kuma gado na yi. Kakan mahaifina falke ne. Daga nan Zariya suke tashi cikin ayari da jakuna, ɗauke da kanwa da jar fata da rinannun riguna, su tsallake Kwara, su ratsa ƙasar Borgu, har Gwanja, su juyo da huhunan goro. Har yau ƙararrawar jakinsa tana cikin adakar da mahaifiyata ta bari, 'yar ƙarama, ta yi baƙi, harshenta ya side saboda tafiya. Ba na cewa zamaninsu babu wahala. Akwai 'yan fashi, akwai kuɗin fito a bakin kogi, akwai gaisuwar sarakunan hanya. Amma duk garin da suka sauka akwai zango, akwai maigidan da zai ba su masauki, ya ajiye musu kuɗi, ya tsaya musu idan rigima ta taso. Jikokin waɗanda suka zauna can su ne mutanen zangon Kumasi da Sabon Zango na Akara a yau. Haka waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903 suka kafa Mai Wurno a Sudan. Kai, gidajen sarautar Zazzau ma sunayensu kaɗai sun isa shaida: Mallawa, Barebari, Katsinawa, Sulluɓawa. Mutanen nahiyar nan a cuɗe suke tun kafin Turawa su zauna a Balin a 1884 su tsara yadda za su raba ta.

Saboda haka ba ni da ƙiyayya ga haɗin kai ko ƙanƙani, cikin jinina yake. Kuma baƙonku da ya tsaya wa ra'ayin Kwame Nkrumah, shugaban Gana na farko, yana da hujjar da ba a ture ta da hannu ɗaya. A taron Addis Ababa na 1963, inda ƙasashe 32 suka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, Nkrumah ya nemi a kafa gwamnatin tarayya nan take, domin yana ganin ƙananan ƙasashe ɗai-ɗai ba za su iya ja da waɗanda suka mulke su ba. Abin da ya hango ya faru. Gana da Kwadebuwa su ke noma fiye da rabin kokon duniya, amma a kasuwannin Landan da New York ake yanke farashinsa. Nijar ta fara haƙo yuraniyam a Arlit tun farkon shekarun 1970, ana kunna fitilun Faransa da shi, ƙauyukanta kuwa suna kwana cikin duhu. Ɗan bindigar da ya addabi Zamfara da Katsina ba ya tsayawa a buga masa hatimi kafin ya shiga dajin Maraɗi, sojan da ke bin sa ne kaɗai iyaka ke tsayarwa. Duk wannan gaskiya ne, yana kuma ci mini rai.

Inda na rabu da shi shi ne wajen da za a fara. Mun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to amma jinka a kan bango ake ɗora ta, kuma bangon ne ban gani ba.

A duba waɗanda suka gwada daga sama. Gana da Gini sun sanar da haɗewa a 1958, Mali ta shigo daga baya, abin bai wuce takarda ba. Tarayyar Mali, wadda ta haɗa Senegal da ƙasar da yanzu ake kira Mali, ta sami 'yanci a watan Yunin 1960, kafin watan Agusta ya fita ta watse. Senegal da Gambiya, waɗanda harsunansu ɗaya, ɗaya kuma na cikin cikin ɗaya, sun gwada daga 1982 zuwa 1989 suka haƙura. Tanganyika da Zanzibar ne kaɗai suka haɗu a 1964 abin ya ɗore ya zama Tanzaniya, su ma har gobe mutanen tsibirin na ƙorafi. Idan ƙasashe biyu maƙwabta sun gagara zama inuwa ɗaya, me zai riƙe 55? Marigayi Gaddafi ya zuba dukiya mai yawa a wannan buri. A garinsa Sirte aka yi sanarwar 1999 da ta haifi Tarayyar Afirka, wadda aka ƙaddamar a Durban a 2002, ya kuma matsa ƙwarai a taron Akara na 2007 cewa a kafa gwamnati ɗaya. Amma shi ɗin ne a 2010 ya ba da shawarar a raba Nijeriya gida biyu tsakanin Musulmi da Kirista, har aka janye jakadanmu daga Tarabulus. Ban manta wannan ba, domin mu da ke jihar Kaduna mun san abin da irin wannan magana ke haifarwa.

Mu 'yan Nijeriya kuma ba labarin tarayya za a ba mu ba, a cikinta muke kwana muke tashi. Tun 1914 aka haɗe Kudu da Arewa. Mun yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Yau jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774, kuma har yanzu ba mu daidaita a kan rabon arziƙi ba. Sai a watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Manomin Giwa ko na Soba da aka sace wa shanu yana kuka bai san ko an ji shi a Abuja ba. A ƙara masa wani bene a sama, a ce mai yanke hukunci na ƙarshe yana Addis Ababa, cikin harshen da bai taɓa ji ba, yaushe kukansa zai isa? Wannan ita ce fargabata ta gaske: gwamnatin da ta yi wa talaka nisa ba ta jin kunyarsa.

To kada a ɗauka ina wanke ɗaya ɓangaren. Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa da sauran shugabannin da suka taru a Monrovia a 1961 sun ce a bi a sannu, a fara da ciniki da sufuri da sadarwa, kowace ƙasa ta riƙe 'yancinta. Ina ganin shawararsa ce daidai. Turai ma da kwal da ƙarfe ta fara a 1951, ƙasashe shida kacal, sai 2002 takardar kuɗin yuro ta shiga aljihun mutane, har yau kuma ba ta zama ƙasa ɗaya ba. Sannu ba ta hana zuwa, amma ga wanda ya ɗaga ƙafa. Magadan Balewa sun karɓi kalmar sannu suka zauna a kanta shekara sittin. Wannan ne ya fi ɓata mini rai fiye da gaggawar Nkrumah.

Bari in faɗi abin da idona ya gani. Daga Legas zuwa Akara bai kai nisan Zariya zuwa Legas ba, amma iyaka uku ake tsallakawa. Na bi hanyar nan ba sau ɗaya ba sau biyu ba. Fasfona na ECOWAS ne, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma wadda aka kafa a Legas a 1975, tun 1979 kuma aka sa hannu cewa ɗan yankin zai shiga kowace ƙasa ba biza. Duk da haka, wani dare aka tsayar da motarmu a wani shinge, aka ce kowa ya sauko. Wani mai kaki ya tattara takardunmu ya shiga wata rumfa da su, yana kiran suna ɗai-ɗai, ka miƙa ka karɓa, ba rasit, ba tambaya. Akwai wata tsohuwa mai kwandon busasshen kifi. Ta kwance haɓar zanenta a gaban fitilar ƙwai, ta juye 'yan silalla a tafin hannu tana ƙirgawa, hannun na rawa, ba su kai ba. Mutumin ya ture takardarta gefe ya kira na gaba. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, amma kowa a wurin ya gane. Wani Bayarabe ya cire hularsa ya zagaya da ita, muka yi karo-karo, aka sako ta. Da muka koma mota ta ɓare kifinta ta bi mu kujera-kujera. Kafin gari ya waye an sake tsayar da mu sau da dama.

Ga kuma asarar canji. Naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi, a dawowa a sake juyawa, kowane juyi ɗan canji ya gutsuri nasa, ribar turmi nawa ke nan ta tafi. Sefar Nijar ma ba ta ciniki a kasuwar Kamaru ko Chadi, domin bankunan da ke fitar da su daban ne, ko da yake darajarsu ɗaya. Kuɗin bai-ɗaya na Afirka ta Yamma da aka raɗa wa suna Eko, an ɗaga ranar fitowarsa sau da yawa, yanzu 2027 ake faɗi.

A watan Yulin 2019 Nijeriya ta sa hannu a Yamai a kan yarjejeniyar ciniki maras shinge ta nahiyar Afirka. A watan Agustan wannan shekarar ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba a buɗe ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, aka yanke wutar lantarki, manyan motoci suka yi layi a Jibiya da Illela kaya na ruɓewa. Sojojin da aka yi don su ba su rasa abincin dare ba. A nan Tudun Wada na san gidajen da suka yi ta'aziyyar iyaye ta waya, alhali daga Katsina zuwa Maraɗi tafiyar ɗan lokaci ce. Ƙarshenta Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Mu tuna kuma Gana ta kori baƙi a 1969, Hausawa da Yarabawa da yawa suka dawo da 'yan ƙunshinsu, mu ma muka kori nasu a 1983. Mutanen da aka yi wa haka, da wace fuska za a ce musu gobe su da maƙwabtansu 'yan ƙasa ɗaya ne?

Abin da nake so a yi ba ya buƙatar sabon shugaba ko sabuwar tuta. A kwashe shingayen karɓar kuɗi a manyan hanyoyi, a hukunta wanda aka kama a bainar jama'a. Binin da Gambiya da Ruwanda sun cire wa 'yan Afirka biza, ba su rushe ba, saura su bi. A ƙarasa layin dogon Kano zuwa Maraɗi, a kuma tayar da tsohon layin da ya bi ta tashar Zariya, wadda a da ita ce mahaɗar jiragen Kano da Ƙauran Namoda. A bar ni in biya mai kaya a Kumasi da naira ta waya, shi ya karɓi sidi, ba sai mun bi ta dala ba. Takardar shaidar ɗalibin Samaru ta yi aiki a Yamai da Dakar. A ɗaure doka cewa rigimar shugabanni ba za ta ƙara rufe wa mai jinya da mai gawa hanya ba. Sannan ƙasashen su riƙa biyan kuɗin ƙungiyarsu da kansu, domin hedikwatar Tarayyar Afirka da ke Addis Ababa ma China ce ta gina ta kyauta aka buɗe a 2012, wanda kuwa ake ciyarwa ba ya ɗaga murya. A kan tsaro da farashin ma'adinai da kayan gona, nan kam a yi baki ɗaya tun yau, ba sai an jira komai ba. Idan aka yi shekara ashirin a haka, 'ya'yanmu suka saba da juna a kasuwa da makaranta da auratayya, suka ce suna son majalisa ɗaya, su za su gina ta, kuma zan yi murna ko ina kabari.

Roƙona gare ku, Malam Edita, ku maimaita shirin nan. Amma wannan karon ku gayyato direban tirela mai zuwa Agadas, da mai sayar da dabbobi da ke saro su a Maiaduwa, da mace mai kai kaya Kwatano. Ku zaunar da su tare da masanan, ku tambaye su shinge nawa suke wucewa, nawa suke kashewa kafin su isa, kwana nawa suke yi a bakin iyaka. Idan kuna buƙatar wanda zai haɗa ku da su, a tashar motar Kwangila kaɗai za ku samu fiye da yadda lokacin shirin zai ɗauka.

Allah ya ƙara wa gidanku albarka. Wassalam.

Naku mai saurare kullum,
Wani ɗan kasuwar atamfa,
Sabon Gari, Zariya.