Mutumina, ga saƙon kyamara kafin ka taho

Assalamu alaikum mutumina. Ya Tokiyo, ya karatu, ya sanyi? Su Hajiya duk lafiya lau, kullum sai ta tambaye ni wai yaushe ɗan Japan zai dawo.

To ka san tsohuwar kyamarar nan tawa mai nauyi kamar bulo, wadda kake min tsiya wai sai na ci tuwo kafin in ɗaga ta? Na sayar da ita. Na ɗauko Sony A6000 ta hannu, irin ƙananan nan marasa madubi da ake canza musu lens, wato gilashin nan na gaba. Tun 2014 ta fito, ba sabuwa ba ce, amma megafiksel 24 ne da ita kuma wallahi tana aiki. Abin da ya sa ta ƙanƙanta shi ne babu madubin nan da ke ɗagawa ƙarau in ka danna, haske kai tsaye yake sauka kan sensa, wato ɗan abin da ke kama hoton a ciki, abin da kake leƙawa ma ɗan talabijin ne a ciki, in hoton zai yi duhu kana gani tun kafin ka ɗauka. Panasonic ne suka fara yin marasa madubin da samfurinsu G1 a 2008, su Canon da Nikon sai 2018 suka shigo da manyan nasu da gaske, yanzu kuwa kowa can ya nufa.

Matsalar dai mutanenmu ne. Na je wani kamu, gwaggon amarya ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ne mai hoton? Da wannan 'yar abar?" Na ce eh Gwaggo, ki bari ki gani. Da na nuna mata hoton amarya a lulluɓe, abin da ke bayanta ya narke luf, sai ta ce maza in ɗauke ta ita ma, har da gyara ɗaurin kallabi. Su a wajensu girman kyamara shi ne gwaninta.

Amma fa ƙura! Da hunturu na yi gangancin canza lens a tsakiyar filin ɗaurin aure, ka san babu madubin da zai tare, sensa a buɗe take, na dawo gida duk hoton da sama ta fito sai ga ɗigo ɗigo baƙi, na kwana ina gogewa a kwamfuta ina zagin kaina. Yanzu sai na shiga mota na rufe gilashi nake canzawa. Batir kuma haka irinsu suke, tunda allon a kunne yake kullum, guda ɗaya ba ya kai ka ƙarshen dina, ga wutarmu kuma ka san hali.

Shi ya sa na rubuto maka. An ce unguwar Shinjuku ta nan Tokiyo cike take da shagunan kayan kyamara na hannu masu tsabta. Ka duba min lens na Sony E, 50mm f/1.8, da batir NP-FW50 guda biyu, da 'yar robar nan ta hura ƙura. In ka ga tsohon lens na zamanin fim da araha haɗa min, da adafta yake hawa. Kar dai ka sayo min jikin kyamara, yawancin na Sony da ake sayarwa a nan cikin Japan rubutun cikinsu Japananci ne zalla, ni kuwa ban yi wannan makarantar ba.

Ka turo min farashin kafin ka biya, in ba ƙaninka kuɗin a nan. Ka gaida abokan karatu.

Naka,
mai hoton unguwa