Wasiƙa zuwa ga ɗana kan injin goge mota

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso ni, na kuma ga hoton injin goge mota da maigidanka ya sayo, ya ce kai za ka riƙa aiki da shi a wurin wankin motarku. Na yi farin ciki ƙwarai, domin ba a miƙa wa yaro irin wannan kayan aiki sai an yarda da hankalinsa. Amma tun da na shafe shekaru ina fentin mota kafin idona ya gaza, ba zan so ka ɗora shi a kan dukiyar mutane ba sai ka ji abin da na sani.

Kafin ka jona shi, karanta rubutun da ke jikinsa. Injunan da ake shigowa da su na hannu daga Amurka na wutar bolt 120 ne, tamu kuwa 230 ce, saboda haka idan irinsu ne, sai ka nemi tiransifoma mai rage wuta, in ba haka ba zai ƙone nan take.

Wanda muka yi aiki da shi a zamaninmu, faifansa juyawa kawai yake yi a wuri ɗaya, kuma da ka ɗan tsaya sai ya tara zafi. Naka ya fi shi sauƙin hali, domin faifansa yana juyawa yana kuma karkaɗawa, ba ya dawwama a kan layi ɗaya, idan ma ka danna da ƙarfi sai juyin ya tsaya. Kada wannan sauƙin ya ruɗe ka. Fentin motocin yanzu hawa-hawa ne: akwai shafin ƙasa, akwai launi, sannan akwai shafin ƙarshe mai garai-garai da muke kira kiliya, wanda kaurinsa bai kai na takardar rubutu guda ɗaya ba. Folish ba ya ƙara wa mota komai. Cin wannan kiliya yake yi kaɗan-kaɗan har samanta ya sauko daidai da zurfin karcen, shi ne ido yake ganin ƙyalli. Abin da ka cinye kuwa ya tafi ke nan, ba ya dawowa sai da sabon feshi.

Ni da kaina na ɗanɗana wannan. Wata rana ina sauri in sallami wani Alhaji, na bi ta kan gefen but na baƙar motarsa, inda fenti ya fi ko'ina siranta, kafin in ankara shafin ƙasa ya leƙo. Daga aljihuna na sake fesa but ɗin, kuma kunyar da na ji ta fi mini kuɗin ciwo. Don haka ka manna salatif na takarda a gefuna masu kaifi, da baƙaƙen robobi, da tambarin mota. Duk karcen da farcenka ya maƙale a cikinsa ya fi ƙarfin inji, ka faɗa wa mai motar gaskiya tun kafin ka fara.

Wanki shi ne rabin aikin, musamman da hunturu. Ƙwayar yashi ɗaya idan ta shiga tsakanin soso da fenti, injin zai zagaya da ita ya zana maka bonet gaba ɗaya. Ka wanke motar sosai, ka tsane ta, ka shafa tafin hannunka a jikinta; idan ka ji kaushi, ka bi ta da yumɓun goge fenti da ruwan sabulu har ta yi santsi. Ka yi aiki a inuwa, a inda iska ba ta kwaso ƙura, kuma kada ka taɓa motar da ta sha rana sai ƙarfenta ya huce, domin folish bushewa yake yi a kan ƙarfe mai zafi ya zama gari.

Idan ka zo gugar, fara da soso mai laushi da folish marar kaifi a ɗan wuri kaɗan, sai idan bai biya ba ka matsa zuwa mai ƙarfi. Ɗigo huɗu, kowanne kamar ƙwayar gyaɗa, sun isa. Ka ɗauki fili kamar santimita 60 tsawo da faɗi, ka dangwala sosan a wurare da dama, ka kwantar da shi a jikin fenti kafin ka kunna, haka nan kada ka ɗaga shi sai ka kashe. Ka baza folish ɗin da gudun injin a lamba 1 ko 2, sannan ka ƙara zuwa 4 ko 5, kana tafiya a hankali daga hagu zuwa dama, kowane layi yana hawa rabin na baya, sannan ka sake bi daga sama zuwa ƙasa. Sosan ya zauna a kwance, kada ka karkata shi, wayar wuta kuma ka saɓa ta a kafaɗa don kada ta goga jikin mota. Ka ja ɗan layi da alƙalamin maka a bayan faifan. Muddin kana ganin layin yana zagayawa aiki yana tafiya, idan ya tsaya to hannunka ya yi nauyi. Wannan shi ne abin da na fi jin tsoro game da kai, domin na san ka da ƙarfi da son gama aiki da wuri. Bayan kowane fili ka share da tsumma mai laushi, ka haska da tocila, ka kuma kakkaɓe sosan da buroshi. Idan tsohuwar mota ce mai fenti hawa ɗaya, za ka ga launinta ya fito a sosa, wannan ba ɓarna ba ce, amma idan ka gan shi a motar da ke da kiliya, ka tsaya nan take.

Kaki shi ne na ƙarshe, kuma kariya ce kawai, ba ya gyara karce. Mai kyau daga cikinsa ana samo shi ne daga ganyen wata bishiya dangin giginya da ke arewa maso gabashin Birazil. Ka shafa shi da sabon soso mafi laushi a lamba 2 ko 3, siriri har da ƙyar ido zai gan shi, domin mai kauri asara ce da wahalar gogewa. Idan ya yi hazo, ja yatsa a kai. In wurin ya fito fes, sai ka share. Motar da aka yi wa sabon feshi kuwa, kada ka sa mata kaki sai ta yi aƙalla wata ɗaya, ka kuma tambayi wanda ya fesa ta.

Ka je wurin 'yan gwangwan ka sayi tsohon bonet mai baƙin fenti, na tura maka kuɗinsa ta hannun yayanka. Ka yi mako guda kana gwaji a kansa, har ka ƙona gefe ɗaya da gangan don ka ga yadda abin yake farawa, sannan ka ɗauki hotonsa a tsakar rana ka turo mini. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, ka kuma isar da gaisuwata ga maigidanka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka