Godiya ga Alhaji da yaran gidan yankan motoci na Columbus

Assalamu alaikum Alhaji,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali da yaran gareji baki ɗaya. Na ga ya fi kyau in yi wannan godiya a bainar jama'a, domin 'yan uwanmu da ke Columbus da sauran garuruwan jihar Ohio su san irin gidan da suke da shi a kusa. Ban ambaci sunanka ba saboda na san ba ka son haka. Mai buƙata ya tambaya a masallaci bayan an sauko Juma'a, za a nuna masa hanya.

Ga wanda bai san zancen ba, mota nake ƙerawa da hannuna a garejin gida, 'yar ƙarama mai kujera biyu, ba rufi ba ƙofa, irin wadda masu wannan sha'awa ke kira Locost. An ɗauko fasalinta ne daga Lotus Seven da Colin Chapman ya fitar a Ingila a 1957, wadda kamfanin Caterham ya karɓi ƙera ta daga 1973. Ƙashin jikinta bututun ƙarfe ne mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, a yi masa walda, a lulluɓe da alminiyom. In ta kammala ba za ta wuce kilo 600 zuwa 700 ba. Walda ba ta gagare ni ba, tun ina yaro nake shiga Panteka a Kaduna. Inda na tsaya cak shi ne zaɓen inji.

Abu ɗaya na riga na yanke: injin motar Amurka nake so, na kamfanin Ford ko na General Motors (GM). Dalilina aljihu ne. Ina son injin da in famfon ruwansa ya lalace ranar Asabar da yamma, zan shiga kowane shagon kayan gyara a unguwa in fito da shi a hannu. Bayan wannan kuwa, kowa da shawararsa. Abokai sun matsa mini in ɗora V8, wato babban inji mai silinda takwas, wai ai a Amurka muke.

Alhaji, ranar da na zo maka da wannan magana akwai V8 na wata motar Chevrolet a ajiye a bakin rumfarka, kuma kuɗinsa ya fi na duk abin da na saya a wurinka daga baya. Da ka ce in ɗauka, da na ɗauka ina murna. Sai ka tambaye ni faɗin wurin zaman inji da tsayinsa daga ƙasa zuwa bonet. Da na ba ka, ka ce wa yaronka ya yanko kwali daidai wannan awo, kuka riƙa kara shi a jikin injuna ɗaya bayan ɗaya. Da kwalin ya iso kan V8 ɗin sai ka yi dariya ka ce, "Malam, wannan in ka ɗora mata, ina ƙafarka za ta zauna ta taka kuloci?" Ka ƙara da cewa nauyinsa zai danne mata gaba har ta riƙa gardama a kwana, sannan zai ja mini babban lagireto da manyan birki da ƙaton aksul na baya, in wayi gari na ƙera wata mota daban da wadda na yi niyya. Nan zancen V8 ya mutu.

Tsohon injin Ford mai lita 2.3, wanda ake kira Lima, shi ma ba mu daɗe a kansa ba. Tun 1974 yake cikin Pinto, ya shiga Mustang, ya zauna a a-kori-kurar Ranger har 1997. Ka yabe shi da cewa ba ya mutuwa, amma bulok ɗinsa da kansa duk baƙin ƙarfe ne, ƙarfinsa kuma a shekarun 1990 bai wuce doki 100 zuwa 112 ba. Nauyi ya yi yawa, amfani ya yi kaɗan.

Inda muka zauna muka yi dogon lissafi shi ne tsakanin Ecotec na GM da Duratec na Ford. Duka biyun silinda huɗu ne, jikinsu alminiyom, taimin ɗinsu sarƙa ce ba bel ba. A nan na gane bambancin mai sayarwa kawai da wanda ya san abin da yake sayarwa. Ka bayyana mini cewa yawancin waɗannan injuna a gicciye suke zaune cikin motocin da tayoyin gaba ke ja, irin su Chevrolet Cobalt da Ford Focus, alhali motata tayoyin baya ne za su tura ta, dole inji ya zauna a miƙe, giyabos a bayansa, farfela ta wuce tsakanin kujeru. Don haka abin nema shi ne motar da kamfani ya riga ya zaunar da injin a miƙe, domin a samu kaskon baƙin mai da ƙafafun inji da hanyar ruwa da suka dace ba tare da an yi ta ƙirƙira ba.

A ɓangaren GM, wannan yana nufin Pontiac Solstice ko 'yar uwarta Saturn Sky, masu Ecotec lita 2.4 da ƙarfin doki 177 a farkon fitowarsu. Raina ya biya sosai. Amma ka gaya mini gaskiya: kayan cikin injin suna nan jibge saboda motocin GM da yawa sun yi amfani da shi, sai dai giyabos da sauran tarkacen zaman miƙe ba sa samuwa da sauƙi, domin motocin ba su yi yawa ba tun asali, kuma Pontiac da Saturn duk an rufe su a 2010. Ka ce kana iya nemo mini, amma ba ka san ranar zuwa ba, farashi kuma mai kaya ne zai yanka.

Ranger ta Ford kuwa ba ta da wannan matsala. Daga 2001 har aka rufe masana'antarta ta St. Paul a jihar Minnesota a ƙarshen 2011, ana sa mata Duratec lita 2.3 a miƙe, wanda daga 2004 yake ba da doki 143. Wani zai raina wannan adadi, amma a motar da ba ta kai kilo 700 ba ya isa ya sa mutum salati. Ga kuma gishirin da ake watsawa a tituna lokacin ƙanƙara, wanda ke cinye ƙashin waɗannan motoci ya bar injinsu garau. Irin wannan ka nuna mini can ƙarshen fili: ƙasanta ya ruɓe har ana iya huda shi da sukuddireba, amma da aka ɗaga bonet ko ɗigon mai babu. Ka kuma nuna mini cewa salansarsa ta gefen dama take fita, wato gefen fasinja a nan ƙasar, zafinta ba zai gasa mini ƙafa ba. Ni ko kusa tunanina bai kai can ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne ka hana a sauke injin sai an gwada shi a gabana. Aka kawo batir, ka sa na dafa jikin injin na tabbatar da sanyi yake, sannan aka tayar, domin a cewarka injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye aibinsa. Ka buɗe murfin baƙin mai ka nuna mini cikinsa, ba farin kumfar da ke nuna ruwa ya haɗu da mai. Yaronka ya kwance fulogogi huɗu ya jera su a kan tsumma, kowanne daidai silindarsa, ya ɗaura agogon awon matsi yana kira kana rubutawa a bayan kwalin nan. Duka huɗun suka zo kusa da juna. Sai a lokacin muka yi maganar kuɗi.

Aibin injin ma ba ka ɓoye mini ba. Duratec dogo ne, bonet ɗin irin wannan mota kuma a ƙasa yake. Ka ɗora katako a samansa, ka saki tef har gindin kasko, ka ce ko dai in rage zurfin kaskon ko in yi wa bonet ƙusumbi, in zaɓa tun kafin in biya. Sannan ka ja mini kunne a kan notin fulin gaba: wannan inji ba shi da maƙalin da ke riƙe fuli da haƙoran taimin a wuri ɗaya, matsin notin ne kaɗai ke riƙe su. Wanda ya sassauta shi ba tare da ya kulle injin da ƙarafan da aka yi don haka ba, taimin zai goce, fistin ya daki bawul. Wannan gargaɗi kaɗai ya kai kuɗin injin.

Giyabos ne ya nuna mini halinka ƙarara. Na Ranger yana manne da injin, kana iya haɗa mini ka ƙara kuɗi. Sai ka ce giyarsa ta ɗaya gajera ce, don ɗaukar kaya aka yi ta, a motata kafin in ɗaga ƙafa ta ƙare. Ka shawarce ni da na Mazda Miata ƙirar 2006 zuwa 2015, wanda ke ɗauruwa a bayan Duratec saboda asalin zanen injin na kamfanin Mazda na Japan ne. Ba ka da shi, sai ka ɗauki waya ka kira wani gidan da kuke gasar ciniki da shi, ka sa suka ajiye mini. Abokaina yanzu suna tsokanata wai motar tawa ta Amurka rabinta Japan ce. Su yi ta yi.

Ina kuma gode wa yaran. Sun zare wayarin gaba ɗaya ba tare da sun datse ko ɗaya ba, kowane soket an liƙa masa takarda an rubuta inda yake shiga. Sun haɗo mini da kwamfutar injin da makullin motar, tunda motocin Ford da yawa na wancan zamani ba sa tashi sai kwamfuta ta gane makullinta. Ita kuma baiwar Allah da ke ofis ta rubuta mini rasit ɗauke da lambar motar da aka cire injin, abin da jami'an sintirin manyan hanyoyi na Ohio ke dubawa kafin su amince da motar da mutum ya haɗa da kansa. Ban nema ba, ita ta san za a nema.

Da na tambaye ka inda ka koyi wannan aiki, ka ce a Magazin ta Suame, unguwar makanikai da ke Kumasi a ƙasar Ghana, inda yaro ke shekaru yana wanke noti kafin a bar shi ya taɓa inji. To, horon ya bi jiki. Ƙorafina ɗaya ne: wayar ofishinku ta fi yin ƙara a banza fiye da a ɗauka, mai son ganinku gara ya tako da ƙafarsa, ya kuma sa takalmin da ba ya tsoron taɓo.

Yanzu injin yana zaune a mazauninsa, na rage kaskon kamar yadda ka ce, saura wayarin da bututun ruwa. Ranar da za a fara tayar da motar ina so kai za ka murɗa makulli, ka zo da yaran, shayi da tsire a wuyana.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi na halal, ya raya zuri'a, ya kare ku daga sharrin ƙarfe.

Naka,
Wani ɗan Kaduna mazaunin Columbus