Tukunyar kashe gobara mai kumfa ba ta kowace wuta ba ce

Edita,

Hunturu ya kama, masu shaguna a Sabon Gari da Tudun Wada suna ta sayen tukunyar kashe gobara mai kumfa. Madalla, amma a san aikinta. Tana kashe wutar katako, yadi, takarda, fetur da dizal. Ban da wutar lantarki, domin kumfar akasarinta ruwa ce, tana iya jawo wa mai riƙe da ita shokin. A fara kashe mita ko janareta tukuna. Haka ma ba ta kashe man suya da ya kama, sai dai ya yi tartsatsi.

In fetur ne, a zare fil, a matsa hannun, a harba kumfar a bangon mazubin ta gangaro ta lulluɓe man. Harbawa tsakiyarsa watsa wutar yake yi. Tukunya mai lita 9 ma ba ta daɗewa take ƙarewa.

A rataye ta kusa da ƙofa, cikin inuwa, kamar mita 1 daga ƙasa. Duk wata a duba allurar agogon da ke jikinta tana kan kore, a leƙa bakin tiyo, don zanzaro kan toshe shi da laka. Masani ya duba ta duk shekara, a sake cika ta bayan shekara 5. Wadda aka taɓa matsawa, ko sau ɗaya ne, iskarta zurarewa take yi, sai an kai ta ciko.

Wani mai gyaran kayan kashe gobara,
Zariya