Malamin harbi kurtu zai duba, allo ba ya gudu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. A ba ni ɗan fili in tsoma baki kan horon harbi na kuratan soja. Kullum ana maganar sayo makamai, amma ba a cika maganar wanda zai koya wa yaro riƙe su ba. Daffo na Zariya tun 1924 yake yaye kurata, kuma duk wanda ya san filin harbi ya san iya harbi daban, iya koyar da shi daban. Sau da yawa sajen da ya fi kowa saiti shi ya fi kowa kasa bayani, don hannunsa ya san abin da bakinsa bai sani ba.

Sabon malami allon da ake harbi yake zuba wa ido. Ramukan harsashi suna nan, ba inda za su. Wurin malami gefen kurtun ne, ya kwanta dab da shi ya duba: gindin bindiga ya zauna a kafaɗa sosai? Kumatu na komawa wuri ɗaya kowane harbi? Idon yaron na ƙiftawa tun kafin ƙara ta tashi? Yatsa matsa kunama yake a hankali ko fizga?

A fara da harsashi 5 daga mita 25, rub da ciki, kuma kada a taɓa saitin bindiga sai ramuka sun taru wuri guda. In sun jeru daga sama zuwa ƙasa, yawanci numfashi ne, yaron na harbi ƙirjinsa na hawa da sauka. In sun watse ƙasa, tsoron dukan bindiga ke sa shi tura kafaɗa. In ana son tona wannan, sai malami ya cusa harsashin bogi cikin na gaske ba tare da kurtun ya sani ba. Kunama na cewa ƙas, bakin bindiga ya duƙa, kowa ya gani har shi kansa. Daga nan sai a koma atisaye da bindiga babu harsashi, a ɗora ƙwandala kan bututun (in an samu ƙwandalar a wannan zamani), ya yi ta matsa kunama har ta daina faɗuwa.

Batun ido ma ana sakaci da shi. A AK-47 tsakanin tsagar saiti ta baya da tsinken gaba kusan santimita 38 ne kacal. Tsinken ya kauce da milimita 1, a mita 100 harsashi ya kauce da wajen santimita 26. Shi ya sa ido kan tsinken zai tsaya, allo ya ɗan dushe.

Tsawa da tsallen kwaɗo kuwa a bar su a filin fareti. Yaro na haki, zuciya na bugawa, ba zai koyi komai a makon farko ba. Harbi cikin gajiya darasin gaba ne.

Shawarata ga makarantar sojan ƙasa ta Jaji: a jarrabawar malaman harbi, a ba kowane kofur ko saje kurata 5 waɗanda harbinsu ya fi watsewa, a ba shi mako guda, sannan a ba shi maki da allunansu.

Naka,
Mai karatu daga Zariya