Gasar manhajojin nuna hanya, anya ba kanwar ja ba ce?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan manhajojin taswira da muke kunnawa a waya suna nuna mana hanya, don wallahi abin yana damuna kuma ban ji ana tattauna shi ba.

Mutane gani suke akwai gasa, wai in Google Maps bai maka ba sai ka koma Waze, alhali tun 2013 Google ya saye Waze a kan kusan dala biliyan ɗaya, ɗan kamfanin nan na Isra'ila da ya fara tashe saboda direbobi ne da kansu suke sanar da juna inda cunkoso yake da inda aka yi hatsari. Kaga kenan ko wanne ka buɗe gida ɗaya kake kai bayananka, inda ka kwana da inda ka wuni.

Kuma fa mun ga amfanin gasa da idonmu. Shafin taswira na MapQuest ne ke jan zarensa tun 1996, mutane har buga hanya suke a takarda su riƙe a mota, sai Google Maps ya shigo a 2005 da taswirar da za ka ja ta yadda kake so ba sai shafi ya sake buɗewa ba, nan take kasuwa ta juya. A 2012 Apple ya cire Google Maps daga iPhone ya sa nasa, ya zo da kurakurai har sai da shugaban Apple na lokacin, Tim Cook, ya fito ya ba da haƙuri, aka yi ta musu dariya, amma kafin shekarar ta ƙare Google ya fito da sabuwar manhaja a iPhone mai faɗa maka da murya ka yi dama ko hagu. Da ba a taɓa shi ba yaushe zai yi wannan saurin? Sannan a 2018 Google ya ƙara wa masu haɗa manhajoji kuɗin amfani da taswirarsa, ƙananan kamfanoni suka ji a jikinsu don ba su da wurin gudu sosai.

Shi ya sa nake kira ga masu karatu su san da taswirar OpenStreetMap, tun 2004 take, kyauta ce kuma 'yan sa kai ne ke zana ta, in layinku babu ko an sa masa sunan da ba nashi ba kai da kanka za ka shiga ka gyara. Har Amazon da Meta da Microsoft da TomTom sun haɗa kai a 2022 kan taswira buɗaɗɗiya mai suna Overture. Ni dai na sauke manhajar OsmAnd mai amfani da taswirar OpenStreetMap a wayata, tana aiki ko babu data, kuma na fara saka titunan da na ga babu.

Na gode,
Mai karanta ku kullum.